Moɗar da Inna Ta Riƙe a Bayan Ƙofa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, kafin komai ka yi mini afuwa. Na san ba girmana ba ne in ɗauki biro in rubuto maka doguwar takarda, balle a kan abin da ko a gida ba ma ambatarsa da baki. Sau uku ina fara layin farko ina yagewa. Amma maganar ba tawa ba ce, ta Inna ce, hannu kawai na ara mata. Ka san ba ta yi boko ba. Ka kuma san idan ka bugo waya, abin da take iya cewa bai wuce "lafiya lau, madalla" ba, sai ta miƙo mini wayar kamar ta ɗauki garwashi.

Yau kwana tara da tafiyarka makaranta Kano. Jiya bayan la'asar ta kira ni gindin bishiyar mainar bayan gida, inda ake hango kogi, ta ce in zo da littafina na makaranta. Ta zauna ta ba ni baya, tana kallon ruwa, ta yi ta magana ina rubutawa. Ban canza mata komai ba. Inda na sa bakina zan gaya maka ni ce. Ga abin da ta ce:

Ina gaishe ka, gaisuwar uwa. Allah Ya tsare ka a ɗakin da kake kwana da hanyar da kekenka yake bi. Allah Ya haɗa ka da mutanen da ba su da ƙyama, Ya nesanta ka da masu tausayin da ke karya zuciya. Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan ƙanwarka Falmata mai rubutun nan ta ishe ka. Laifuffukana zan gaya maka, don kada ka ɗauke su ka tafi da su kana zaton halinka ne.

Bana ruwa ya cika sosai. Ya rufe fadamar Babanku, ya hau har tudun gorubar nan da ka sani. Bado ya buɗe fari fat, belbela suna sauka a kai kamar an shanya wanki. Idan na kishingiɗa bayan azahar, mafarki guda nake ta yi. Sai in gan ni cikin ruwan nan har ƙugu, na goya ka kana jariri, ina ratsa bado, ƙafafunka suna shure-shure a bayana. Ina tafe ina kiran sunanka da ƙarfi, babu kowa sai tsuntsaye. Sai in farka in ji bakina a buɗe, in yi sauri in duba ko wani ya ji ni.

Kai ne ɗana na fari. Haka na tarar, haka aka koya mini: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaga ido ta dube shi a cikin mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka yaye ka aka kai ka ɗakin Kakarka, Allah Ya jiƙanta, na zama kamar maƙwabciyarka. Matan garin nan suna yabona. Sai ka ji an ce, "Ku dubi Hauwa, ko da wasa sunan yaron nan bai taɓa kuɓuce mata ba." Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye maka ba. Ban ce al'adar banza ce ba, akwai kyau a cikinta. Amma akwai ranar da ya kamata in ajiye ta a ƙasa in ruga, ban ajiye ba.

Ranar da ka faɗo daga goruba ina tsakar gida ina bakacen shinkafa, mata huɗu suna zaune tare da ni. Wani ya leƙo yana haki ya ce, "Hauwa, yaronki ya faɗo a tsallaken kogi, ya ce ba ya jin ƙafafunsa!" Duk matan suka juyo suna kallona. Na ce, "To, ku gaya wa kakarsa." Na ci gaba da bakace. Shinkafa tana zuba ƙasa, amma ban tashi ba.

Abin da ba ka sani ba shi ne, ni na san yadda ake ɗaukar wanda ya bugu a baya. Ina yarinya a bakin Tafkin Chadi na ga an cire ƙyauren ɗaki an shimfiɗe wani masunci a kai, an ɗaure shi da rawani don kada ya motsa. Da na je bakin ruwa da na gaya musu. Ban je ba. Aka naɗe ka a cikin kwalekwale, gwiwa a ƙirji, aka tsallako da kai, sannan aka zaunar da kai a kan babur tsakanin mutum biyu har Haɗejiya. Likita ya ce laka ta taɓu. Babanku ya tambaye shi ko ɗaukar ce ta ƙara ɓata abin, ya ce Allah kaɗai Ya sani. Shekara takwas ke nan ina kwana ina tashi da wannan amsar.

Don haka ka buɗe baki. Idan za a ɗaga ka daga keke a sa ka a mota, kai za ka faɗi inda za a riƙe da inda ba za a riƙe ba, ko da mai ɗagawar ya haifi Babanku. Kada ka yi shiru don a ce kana da kawaici. Na yi shirun an yabe ni, ka ga abin da yabon ya tsinana.

Da kuka dawo daga asibiti da robar fitsari a jikinka da jakarta a rataye gefen gado, Kakarka ce ta karɓe ka. Ka tuna tsiyar da take yi maka? "Angona, sauran maza gafaka suke ratayawa, kai kuma leda ka samo? To ni dai ban fasa auren ba." Kai kuma ka ce, "Tsohuwa, ke da ba ki da haƙori ko ɗaya, wa zai kula ki in ba ni ba?" Ina daga madafa ina jin dariyarku, ina murmushi ni kaɗai. Amma idonta ya riga ya yi yana, ba ta gani sosai. Tana juya ka, tana goge ka, ba ta ganin abin da ke fitowa a ƙasan bayanka. Kai kuma ba ka jin wurin.

Ni na gani. Ba a jikinka ba, a jikin zanen gado. Ina wanki a bakin kogi sai in ga tabo, wani ruwa-ruwa da ɗan jini. In tsoma zanen, in tsaya ina kallon tabon yana narkewa yana bin ruwa, in ce a raina ya tafi ke nan. Mako uku ina yi wa kaina wannan ƙaryar, don ina jin nauyin in shiga ɗaki in ce a kwaye mini bayan ɗan fari. Kafin Babanku ya lura gyambon ya yi zurfi. Wata biyar ka yi a kife kamar an kifar da ƙwarya.

A ƙasan jakar kayanka, cikin farar rigar nan, na sa madubi. Nawa ne, na aure. Ba don fuska na ba ka ba. Kullum da safe ka duba bayanka da ɗuwawunka da dugaduganka. Idan ka ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu, ka danna bai washe ba, kada ka sake zama a kansa sai ka nuna a asibiti. In kana aji ka riƙa dafa keken kana ɗaga jikinka a kai a kai, ko malami yana tsakiyar magana. In kana kwance ka juya. Jikin da ba ya jin zafi ba ya kuka, ido ne kaɗai zai yi masa kukan.

Akwai kuma Alƙur'aninka. Wannan da kyakkyawar niyya na yi, shi ya sa ya fi ba ni tsoro. Na ga jakar fitsari ba ta rabuwa da kai, wani lokaci ma yakan zubo ta gefen robar ya jiƙa wando. Sai na ce a raina mai najasa a jiki bai kamata ya taɓa Littafi ba. Na sa Falmata ta ɗauko shi daga ɗakinka, na naɗe a ɗankwali na kulle a adaka. Kai da ya rage maka izu kaɗan ka sauke. Ba ka tambaya ba. Daga nan na lura ka daina neman ruwan alwala, in an kira salla sai ka juya fuska bango.

Shekara biyu a haka, sai da yayana, Kawunku Goni, ya zo daga Guri. Ya shiga wurinka ya fito, ya same ni a madafa.

"Hauwa, ina Alƙur'anin yaron nan?"

Na ce, "Yaya Goni, ai ka ga lalurar da yake ciki."

Ya ce, "Na gani. Ke kika ɗora masa ita, ko Wanda Ya saukar da Littafin? Wanda fitsari ya fi ƙarfinsa, uzurinsa yana tare da shi. Ya tsaftace abin da zai iya, ya yi alwalarsa, ya yi sallarsa. Wa ya naɗa ki mai gadin ƙofar Allah? Ba ni makullin."

Ranar da kansa ya tura kekenka har masallaci, babbar rigarsa tana jan ƙasa, yara suna bin ku. Na leƙa ta kafar zana na ga ka ɗora Littafin a cinya ka riƙe da hannu biyu.

Saboda haka a can ma kada ka bar sahu. Ka zubar da abin da ke jakar, ka wanke hannu, ka yi alwala, ka shiga cikin mutane. Abin da ya shige maka duhu ka tambayi masu ilimi, kada ka yanke wa kanka hukunci mai tsauri don kana jin kunya. In azumi ya zo, ka ji ta bakin likita da ta bakin malami kafin ka ɗauka.

Yanzu na zo kan babban, wanda saboda shi na sa aka ɗauko biro.

Ka tuna bikin ƙanwata, shekara biyar da suka wuce, ana tsakiyar bazara? Gidanmu ne masaukin baƙi, mata daga Jahun, mata daga Kirikasamma, har a ƙofar ɗakinka an shimfiɗa tabarma. Na ji wata ta toshe hanci ta ce, "Wai ba kwa jin wani ɗan zarni?" Maganar ta shige ni kamar ƙaya. Na yi tunani, idan bai sha ruwa da yawa ba jakar ba za ta cika ba, ba za a riƙa fitowa da bokitin da ake juye ta a ciki ta gaban baƙi ba. Na kira Falmata na ce ta ɗauke tulun da ke gefen gadonka, ta riƙa ba ka rabin moɗa safe da yamma har baƙi su watse.

Kwana uku. Ana guɗa, ana raba alkaki, kai kana ciki leɓenka yana tsagewa. Ba ka nemi ƙari ba, don ka gane daga ina umarnin ya fito. Rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe ka, kana karkarwa har gadon yana motsi. Robar ta toshe, abin da ke cikin jakar ya yi kauri ya yi duhu. Kana ta sambatu, kana cewa ga kogi nan ya shigo ɗaki, a matso da kai kusa ka sha.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, yarinya ce ƙarama, ta tambayi yawan ruwan da kake sha. Da aka gaya mata ta tafa hannu ta ce, "Innalillahi! Baba, kuna zaune a bakin kogi yaro zai mutu da ƙishirwa? Mai roba ruwa ne abokinsa, shi ke wanke masa hanya. Wa ya ce a rage masa?" Babanku ya sunkuyar da kai. Ina tsaye a bayan labule, ban fito na ce ni ce ba. Ta ce saura kaɗan ciwon ya lalata maka ƙoda. Yau nake fitowa daga bayan labulen: ni ce.

(Yaya, nan ni ce Falmata. Hannuna ne ya ɗauke tulun. Ina shekara goma sha biyu, amma na ga yadda ka bi shi da ido har na fita. Ka yafe mini. Na koma kan maganar Inna.)

Tun daga ranar na karɓi aikin bokitin nan daga hannun kowa. Kana zaton don Kakarka ta rasu ne. A'a. Don shi kaɗai ne hanyar da nake jin labarinka. Da safe ka ajiye shi a bakin ƙofa, in zo in ɗauka. Idan na ga fitsarin ya yi haske kamar ruwan da aka jiƙa kara, sai in wuni da farin ciki, har Babanku ya ce me aka ba ni. Idan ya yi duhu sai in sa Falmata ta cika maka tulu. Shekara biyar wannan ce gaisuwarmu, ni da kai. Ba ka san ana gaishe ka ba.

Kwana uku kafin tafiyarka na ga ya soma canzawa. Ranar farko kamar zuma, ranar ƙarshe kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ɗan kaɗan a gindin bokiti. Tulunka kuwa a cike. Na gane nan take. Kana tsoron jakar ta cika a cikin mota, a tsaya dominka, fasinjoji su juyo. Kana tsoron abokin ɗakinka ya ji wari a ranar farko. Ba kowa ya koya maka wannan dabarar ba sai ni. Ni na nuna maka cewa hancin baƙo ya fi ƙodarka daraja.

Safiyar da za ka tafi na ɗebo ruwa daga randa, mai sanyi, na cika moɗa. Na ce yau da hannuna zan ba shi, in tsaya a kansa sai ya shanye. Na zo har bayan ƙyauren zaure. Sai na ji maƙwabta sun cika, ana ta addu'a, ana cewa, "Ina Hauwa? Ai ba za ta fito ba, kun san ta da kunya." Ƙafata ta ƙi. Ina tsaye ina jin ana naɗe kekenka, ina jin an rufe ƙofar mota, ina jin ƙararta tana nisa a kan hanyar Haɗejiya. Ina riƙe da moɗar kamar yadda na riƙe faifai shekara takwas da suka wuce. Ashe ban koyi komai ba.

Yanzu bokitin yana rataye a jikin zana, ya bushe. Da safe in fito in dube shi, babu abin da zai gaya mini. Ban san launin kwanakinka ba.

To ka saurare ni. Ka sha ruwa. Ka sha da safe, ka sha a aji, ka sha ko tafiya za ka yi. Idan jakar ta cika, ka ce a tsaya, wanda zai juyo ya juyo. Ka kira abokin ɗakinka tun yau ka nuna masa robar da jakar, ka ce, ga yadda Allah Ya yi da ni, ga abin da za ka gani kullum. Idan ɗan kirki ne ka samu ɗan'uwa, idan ba haka ba ka sani da wuri. Jakar ta zauna ƙasa da mararka, kada robar ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. Kada ka taɓa ta sai ka wanke hannu da sabulu. Ranar canza ta in ta zo, kada ka ɗaga don jarrabawa ko don ruwan sama. Idan ka ga fitsarin ya gurɓace, ko ya tsaya, ko ka ji sanyi yana shigarka, ko kanka ya sara da gumi ba dalili, ka nufi asibiti a lokacin, kada ka jira gobe. Wari ana wanke shi da sabulu. Abin da ƙishirwa take ɓatawa a ciki ba ya wankuwa.

Ban roƙe ka ka ce ka yafe ba, na san nauyin bakinka irin nawa ne. Ruwan kawai nake roƙo.

Allah Ya kiyaye ka zaune da kwance. Allah Ya ba ka abin da ka je nema, Ya dawo mana da kai lafiya lokacin da ruwa ya janye, ana dashen tattasai. Allah Ya yi maka albarka.

Yaya, daga nan ni ce har ƙarshe.

Nan maganarta ta ƙare. Rana ta yi ƙasa, ruwan ya koma ja, wani mai kwalekwale yana wucewa can nesa kamar ba ya motsi. Na ce, "Inna, a saman takardar me zan rubuta? In sa 'zuwa ga Yayanku' kamar yadda kike faɗa?" Ba ta juyo ba. Na ɗauka ba ta ji ni ba, har na fara rufe littafin. Sai na ji ta yi gyaran murya, ta dubi dama ta dubi hagu, babu kowa sai belbela. Ta faɗa a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya. Sannan ta sake faɗa da ƙarfi, har ya tsallaka ruwa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa, kada in ƙara kada in rage. Ga shi:

"Abubakar. Abubakar, ka sha ruwa."

Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida da sauri, ta bar takalminta ɗaya a gindin maina.

Direban da ke kai bandar kifi Kano zai kawo maka wannan takardar tare da ɗan ƙulli. Moɗar ce a ciki, ita ɗin dai. Inna ta ce ba a wanke ta ba tun safiyar nan, kai za ka wanke.

Yaya, ina da roƙo guda, in bai zama rashin kunya ba. Ka ba ni izini in sake rubuto maka. Ba zan cika ka da surutu ba. Tambaya ɗaya ce zan riƙa yi a madadin Inna, ka san ta: wane launi ne yau? Idan ka yarda, ba sai ka ce komai ba. In ka bugo waya ranar Juma'a, ka cika moɗar ka sha a kusa da wayar. Zan kanga mata a kunne ta ji.

Wassalam. Allah Ya tsare mana kai.

Ƙanwarka mai biyayya,
Falmata